Gwiwar Yaya da Zomayen Auta

Auta,

Ina gaishe ka da mai ɗakinka da yaran, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya, in ka cire gwiwoyin nan biyu da suka rantse sai sun ga bayana. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda kunnena ya yi nauyi, kai kuma a waya ba abin da ka iya faɗa sai "Yaya, ina cikin taro, zan kira."

Da safe kafin in sauko daga gado sai na lallashe su kamar yaran goye. Ta dama ƙara take yi irin ta tsohuwar ƙofa. Keken ɗinkin ma da ƙafar hagu kaɗai nake taka shi yanzu, rigar da nake gamawa kafin azahar sai ta kai ni yamma. Matakalar benen nan da ka sani kuwa ta zama abokiyar gabata, in na sauka sau ɗaya na gama fita ta ranar.

Ɗiyarka ta wajena, Malama, wadda 'yan makarantarsu suka sa har ni ma haka nake kiranta, ita ta ja ni asibiti. Likitan ƙashin yaro ne, mai gilashi, mai ladabi. Ya ɗaga hoton ga haske ya nuna mini inda ya kamata a ga rata tsakanin ƙasusuwan, babu. Ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Shawararsa a yi tiyata a sa mini gwiwar ƙarfe tun yanzu da zuciyata da sauran jikina suke da ƙarfin ɗauka. Har rana ya sa mini.

Sai bakina ya ƙi zama, na ce ai ƙanena ma aikin guringuntsi yake yi a jami'a. Ya tambayi sunanka. Auta, yaron nan miƙewa ya yi tsaye. Ya ce da littafinka ya ci jarrabawa, wanda ya koya masa aikin ma ɗalibinka ne. Wai a da ana ɗaukar ciwon nan kamar tsufan takalmi ne kawai, kana cikin waɗanda suka nuna cewa guringuntsi abu ne mai rai, yana ciwo, yana kuma ƙoƙarin kare kansa. Yana ta zuba yabo, ni kuwa ina tuna yaron da na sha shanya wa tabarma har ya shiga aji uku. Amma na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba.

Da muka dawo Malama ta nuna mini hotonka a waya, kana riƙe da zomo, an rubuta wai ka sa guringuntsi ya sake tsirowa. To ga tambayata. In maganinka yana hanya, me zai sa in miƙa ƙafata a yanke a cusa ƙarfe? Tsoron wuƙar nan nake ji ƙwarai. Ka faɗa mini abin da zan yi.

Yayarka.

*

Yaya,

Na samu takardarki, na karanta ta a tsaye a bakin ɗakin gwaje-gwaje ina dariya ni kaɗai, har ɗalibai suna leƙe. Maganar tabarma dai ki rufa mini asiri, a nan Farfesa ake ce mini. Mu duka lafiya. Allah ya ba ki sauƙin gwiwar nan, raina bai ji daɗin labarin ba.

Tunda kin tambaya, bari in gaya miki abin da ya cinye mini ƙuruciya. Fata in ta yanke tana haɗewa, ƙashi in ya karye yana ɗoruwa, saboda jini yana kai musu ɗauki. Guringuntsi ba shi da hanyar jini ko ɗaya. Ƙwayoyinsa suna zaune ne ɗai-ɗai, kowace a ɗan ɗakinta, ba mai kawo mata komai sai abin da ya tsattsafo daga ruwan gaɓa. In ya goge, ya goge ke nan. Fiye da shekara talatin ina neman abin da zai tashe su daga barci su koma gini.

A bana mun yi wa zomaye allura a gwiwar da muka raunata. Da lokaci ya yi muka duba, sai ga wani farin abu sumul ya rufe ramin. Ranar da na gan shi a madubin likita zama na yi a ƙasa, a kan simintin ɗakin, tsofai-tsofai da ni. Na kira kowa ya zo ya gani, har mai wanke kwalabe. Yanzu an ba mu izinin gwadawa a kan tumaki, don gwiwarsu ta fi kama da ta mutum. Yaya, tun da na fara aikin nan ban taɓa jin na kusa kamar yanzu ba. Ke ce mutum ta farko a gida da nake faɗa wa haka, don ke kika san inda aka faro.

Game da tiyatarki, ni ban taɓa riƙe wuƙa a kan ɗan Adam ba. Likitanki ya ga hoton, ya taɓa gwiwar da hannunsa, ni ban gani ba. Abin da ya ce shi za ki bi. Ki gaishe shi, ki ce na gode da karamci.

Ana jira na a sama, kwamiti ne. Ki gaida Malama.

Autanki.

*

Auta,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso, kuma ta yi yawo. Na karanta wa matar maƙwabcinmu mai gyaran agogo, na karanta wa masu kawo ɗinki. Wata ma ta ce in sa sunan mijinta a cikin waɗanda za a fara yi wa allurar, na ce ta bi layi, ni ce ta farko.

Na kai wa likita ita. Sau biyu ya karanta, da hannu biyu ya riƙe ta. Sannan ya ce, "Mama, in mutum kamar Farfesa ya rubuta da hannunsa cewa ya kusa, ni wane ne da zan yi gaggawar yanke abin da ba ya dawowa? Shi ya san abin da yake gani a can." Na nuna masa inda ka ce in bi maganarsa. Ya yi murmushi ya ce ai haka manya suke, ba sa nuna kansu. Ya ce mu ɗan dakata mu gani. Ranar da aka sa mini an ba wani tsoho direban babbar mota, ni kuma an ƙara mini ƙwayoyin rage zafi, fari da safe, ja da yamma.

Malama ba ta so ba. Duk hanya fuskarta a murtuke, wai takardar ba ta ce kada a yi ba. Na ce mata ba ta san kawunta ba. Tun kana yaro ba ka cewa abu ya kusa sai ka ga ƙarshensa da idonka.

Ƙwayoyin suna aiki, har na karɓi ɗinkin rigunan makaranta. Ka yi wa tumakin nan magana su hanzarta.

Yayarka.

*

Auta,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Ruwa ya sauka ya ɗauke ban ji daga gare ka ba. Na rubuto sau ɗaya a tsakani, ban sani ba ko ta iso.

Rigunan makarantar na mayar, rabi a yanke, rabi ko almakashi bai taɓa su ba. Tun da na fara ɗinki ban taɓa mayar da aiki ba, ranar na yi kuka bayan matar da ta kawo aikin ta sauka. Gwiwar hagun ma ta bi sahun 'yar'uwarta. Salla a kan kujera nake yi. Ban taka ƙasan benen nan ba tun zuwana asibiti na ƙarshe, duniyata ta koma tagar nan, ina kallon masu jiran mota da mai shagon da ke ƙetare yana buɗewa yana rufewa. Ƙwayoyin yanzu bibbiyu nake haɗiya, wani lokacin har da na Malama na ciwon kai.

Ba tsegumi nake kawo maka ba. So nake kawai ka ce mini nan da yaushe, ko da a ƙiyasce ne, in san abin da zan riƙa faɗa wa gwiwar in ta tashe ni.

Yayarka.

*

Yaya,

Ki yi mini afuwa. Takardunki duka uku na tarar da su a kan tebur ƙarƙashin tarin mujallu, ban daɗe da dawowa ba. Taron masana gaɓoɓi na je, inda suka ba ni lambar yabo ta aikin rayuwa. Da kin ga zauren. Aka ce duk wanda na koyar, ko wanda ɗalibina ya koyar, ya miƙe, sai kusan rabin mutanen suka tashi, wasu da furfurarsu. Na neme ki a raina a lokacin. Zan aiko miki da hoton.

Na ga an ɗage tiyatar. Tunda likitanki ya ga a dakata, lallai yana da dalilinsa, ya fi ni sanin gwiwarki. Ki riƙa motsa ƙafar ko a zaune ne, kada ki bari cinyar ta saki. Ƙwayoyin nan kuma ki yi hankali da su, ki tambaye shi adadin da ya dace.

Tumakin sai an ba su lokaci, ba a duba su da wuri. Ki ci gaba da yi mana addu'a.

Autanki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Anti da ƙannena. Mama ba ta san na rubuto ba. Ka gafarce ni in na yi tsaurin ido, na rasa wanda zan faɗa wa.

Mama ta faɗi a banɗaki makon jiya. Ina makaranta, sai da na dawo na tarar da ita a ƙasa, ta jingina da bokiti, ta ce ba ta so ta yi ihu maƙwabta su gan ta haka. Ba ta karye ba. Amma ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, kuma in ta yi magana mai tsawo sai ta tsaya ta nemi numfashi.

Na je wurin likita ni kaɗai. Na ce masa me muke jira? Ya ce Farfesa. Na karanta takardarka ta ƙarshe, kai kuma ka ce likita ya fi ka sani. Kawu, shi yana jiran ka, kai kana jiran sa, ita kuma tana kwance a tsakaninku. Kowannenku yana girmama ɗan'uwansa, ba wanda ya ce mata komai.

Ni ba ta jin maganata, in na matsa sai ta ce kishin ilminka nake yi. Hoton lambar yabon yana kan keken ɗinkin, kowa ya shigo sai an nuna masa. Kai kaɗai za ka ce mata ta je ta tashi ta je. In maganin zai same ta, ka faɗi lokacin. In ba zai same ta ba, don girman Allah ka faɗa mata da irin Hausar da take ji.

Ɗiyarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ya jikin? Malama ta rubuto mini. Kada ki yi mata faɗa, ta yi abin da ya kamata in yi tun farko. Ki karanta wannan a natse, ba zan kewaya ba.

Ki je a yi tiyatar. Maganina ba zai same ki ba.

Mun duba tumakin. Abin ya tsiro kamar yadda ya yi a zomaye, amma laushi gare shi. Zomo ba shi da nauyi. Tunkiya kuwa ta yi ta taka shi har ya murƙushe, a wasu ma ramin ya fi na da faɗi. Tun kwanakin baya na san haka, na kasa rubuta wa kowa. Ina shiga ɗakin gwajin in zauna in yi ta kallon kwalabe, ɗalibai suna tafiya a hankali kamar gidan makoki.

Amma ba wannan ne abin da ya fi nauyi ba. Ko da tumakin sun warke sarai, sai an yi shekaru masu yawa kafin a yarda a taɓa mutum da allurar. Kuma ko a lokacin, an yi ta ne don ƙaramin rauni a gwiwar da sauranta ke da lafiya. Gwiwar da ƙashi ke gugar ƙashi ba abin da ya rage a cikinta da za a tasa. Kin rubuta mini haka a takardarki ta farko, ɓaro-ɓaro. Duk ɗalibina na shekarar farko zai iya ba ki amsa a layi ɗaya. Ni kuwa kin yi mini tambayar mara lafiya, na ba ki amsar da na saba ba kwamiti, inda ake fara faɗin abin da ake fata, a bar sauran a ƙasan shafi. Ina cikin murna, ina so ki yi murna da ni, ban tsaya na ga me za ki yi da ita ba.

Na kira likitanki da kaina. Da ƙyar na sa ya daina ce mini ranka ya daɗe ya saurare ni. Na ce masa abin da ya gani a hoto ranar farko shi ne daidai, kuma ko ni na zo da kaina na ce a jira, ya kamata ya ce mini a'a. Zai gan ki a makon nan.

A jami'a sun sa ranar da zan yi jawabin ajiye aiki. An ce in yi magana a kan abin da na bari. Na bar littafi, na bar ɗalibai a asibitoci da jami'o'in da ban ma taɓa zuwa ba, na bar tambayoyi masu kyau. Amma ban san mutum ɗaya da ya tashi ya yi tafiya saboda abin da na haɗa da hannuna ba. Gwiwar ƙarfen da kike tsoro kuwa kullum tana tayar da mutane. Ki je, Yaya. In an sa rana zan zo in zauna a bakin ƙofar.

Autanki.

*

Auta,

Na gaishe ka. Malama ce ke rubutawa ina faɗa mata, hannuna ya kumbura, biro ba ya zama. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara.

Na je. Maza biyu suka sauko da ni a kan kujera, unguwa tana kallo. An ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙirji, an manna mini wayoyi. Daga likitan ƙashi aka tura ni wurin na zuciya, daga nan wurin mai sa barci, wata mace mai magana a hankali. Ita ce ta faɗa mini, kuma na gode mata, don ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ƙwayoyin sun taɓa ƙodata, zuciyar kuma ta kumbura saboda zama da hawan jini. In ta sa ni barci ba ta da tabbacin za ta iya tashe ni. Ta ce da bara ne, da ba ta yi shakka ba. Na ce nan gaba fa? Ta ce za su yi ƙoƙari su riƙe abin da ya rage.

Likitan ƙashin ya raka mu har bakin mota, ya kasa kallon idona. Na ce masa ya daina, yaro ne, an koya masa girmama na gaba. A harabar na ga tsohon direban nan da aka ba ranata. Ya zo a duba shi ne, da ƙafarsa, ko sanda babu. Ya gaishe ni bai san ko ni wace ce ba.

Ban koma sama ba. Mai gidan da muke haya ya ba mu ɗakin ƙasa da yake ajiye kaya a ciki, an share, an sa gado. Tagarsa bango take kallo. Keken yana can sama, ba wanda ya ce a sauko da shi, ni ma ban ce ba.

Na yi fushi da kai, Auta. Kwana da kwanaki ko sunanka ba na so a ambata, kuma har yanzu da saura, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ni ma na ji abin da nake so in ji ne, don tsoron wuƙa da son a ce ƙanena ne ya warkar da ni. Tumakinka kuma na yi maka jaje, na san abin da suka ci maka. Ka je ka yi jawabinka, kada ka tsaya gaban yaran nan kana kushe kanka, wani a cikinsu zai ƙarasa, wata tsohuwar za ta amfana.

Ka ce za ka zo ka zauna a bakin ƙofar tiyata. Babu tiyata, amma ka zo. Yarinyar nan ita kaɗai ke ɗaga ni daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa gado, kafin ta tafi makaranta da bayan ta dawo. Bayanta ya fara ciwo, tana ɓoye mini, ina ganin yadda take dafa bango in ta miƙe. Ga shi tana rubutawa tana girgiza kai, na ce ta rubuta. Kada ka kawo magani, kada ka kawo wani babban likita abokinka. Ka zo da kayan da ba ka jin tausayinsu, ka yi niyyar daɗewa. Na yi nauyi yanzu. Malama za ta nuna maka yadda ake riƙe ni, ta ƙarƙashin hammata ake kamawa, ba a jan hannu.

Yayarka.